Waƙar Iya Kubura da Na Sa wa Sunana

Kuna ganin ɗan'uwanku yana zama bakin gidan waya da bik da takarda, mutum ya faɗa ya rubuta, ya lashe ambulan ya manne, sai kuka ce rubuta wa mutane aikin malalata ne. To, ku gyara zama. Na yi shekara arba'in da wani abu ina wannan sana'a a nan Gure, da ajami, tun ba wanda ya san bik, tun ana yin wata guda ba a ji ƙarar mota daga Damagaram ba. Ba hannu ne ke wahala a aikin nan ba. Hannu ko yaro ya iya.

Wasiƙar farko da na rubuta ta wani makiyayi ce daga Alakos. Raƙumarsa ta ɓata, ya ji labarin an gan ta a garken surukinsa, yana so a rubuta wa surukin. Ya zauna gabana tun hantsi yana magana. Ya zagi surukin, ya zagi uban surukin, ya koma ya yabi kakarsa, sannan ya kwatanta raƙumar tun daga tabon wuya har tafin ƙafa. Ni kuwa lokacin ina ganin na ƙoshi da karatu, sai na zuba masa gaisuwar Larabci layi huɗu, na ƙara da karin maganar da bai yi ba. Maigidana Malam Ari, wanda na yi shekara tara a zaurensa ina koyo, ya karɓi takardar ya kai kusa da ido, don ganinsa ya fara rauni. Ya karanta, ya ce, "Idi, surukin nan ya san mutumin nan tun yana yaro. In aka karanta masa wannan, zai ce ba shi ba ne. Cire zagin, ka bar masa muryarsa." Sau uku na sake kafin ya yarda. Raƙumar ta dawo bayan wata guda.

Kayan aiki kuwa, kome da hannunka za ka yi. Alƙalami na gamba ne ko na karan dawa. Ka zaɓi wanda ya bushe a tsaye, ka fiƙe da ƙaramar wuƙa, ka tsaga bakin kaɗan. In tsagar ta wuce ƙima ya yi ta zubar da tawada, in ba ta kai ba ya yi ta kartar takarda. Tawada iri biyu ce. Akwai ta gawayi da ƙaro, irin ta rubutun allo, ba ta da wuyar haɗawa, amma ruwa na taɓa ta ta tafi. Akwai ta bagaruwa, wadda za ka jiƙa ƴaƴan bagaruwa da kashin maƙera kwana bakwai, ka tafasa, ka tace. Ita wannan in ta kama takarda, sai dai a kankare da wuƙa. Takarda fatake ke kawowa daga Kano, ba a wasa da ita. Ko gefen da aka yanke ba ma yarwa, a kansa muke gwaji. Duk wannan a gafaka ɗaya, da kurtu biyu, da buzun zama. Ranar kasuwa in shimfiɗa a gindin aduwa, kusa da masu kanwa.

Mutane iri-iri ke tsugunawa a bakin buzun nan. Mai neman ɗansa da ya tafi cin rani bai dawo ba. Matar da ke son ta gaida uwarta a Bune, amma ba ta so miji ya san abin da ke cikin gaisuwar. Wanda zai faɗi magana, ka rubuta, ya ce ka karanta masa, ya ji ta da kunnensa, sai ya ce yage, ya fasa. Duk abin da ka ji a nan, a nan za ka bar shi. Ranar da aka ji sirrin wani a bakinka, ranar ka naɗe buzu.

Aikin iri uku ne, kowanne da dokarsa game da suna. In wasiƙa ce, sunanka ba ya shiga, magana ta mai ita ce. In littafi aka ba ka ka juya, sunan wanda ya wallafa shi na sama, kai kuma can ƙasa ka ce wane ne ya juya, a yi masa addu'a. In kuwa waƙa aka ce ka tsara, ta wa'azi ko ta ta'aziyya ko ta yabon wani, to baitin ƙarshe naka ne, nan za ka ce wane ɗan wane ya yi ta. Wannan baitin shi ne gonar marubuci. Da shi ake saninka a garin da ba ka taɓa takawa ba, da shi ake aiko maka da aiki. Ni a juyi da wasiƙa ba wanda ya fi ni a Gure, ba yabon kai ba. A waƙa kuwa dama-dama ne. Ma'aunina daidai, amsa-amona daidai, amma ba wanda ya taɓa ajiye abin da yake yi don ya saurare ni.

Wata ranar kasuwa da rani, kamar shekara takwas kafin yaƙin Nasara na biyu, wata dattijuwa ta tsuguna gabana ta sauke ƙwaryar dabino. Ta ce sunanta Kubura, daga wani ƙauye take a bayan Gidigir, ta biyo masu jakai.

Na ce, "Iya, wasiƙa ce?"

Ta ce, "A'a, Malam. Waƙa ce."

Na ce, "Ta wa za a tsara?"

Ta ce, "An riga an tsara. Rubutawa kawai za ka yi."

Ɗanta mai haƙar rijiya ne. Bara waccan yana gaba goma sha biyu a ƙasa, yashi ya zubo masa. Kun san ƙasarmu, in yashi ya tashi rufewa ba ya sallama. Mutanen ƙauyen suka yi kwana biyu suna tono yana ƙara zubowa, har dattawa suka ce a bari. Aka yi masa salla a bakin ramin, aka cike. Tun ran nan take waƙar a kan dutsen niƙa, baiti na zuwa bayan baiti, har ta kai ashirin da takwas. Ta ce tsoronta ta mutu ta tafi da ita.

Ta fara, ba ta ɗaga murya ba:

Ka tafi nemo wa gari ruwa,
Ƙasa ta riƙe ka a rijiya.
Ban ga wanka ba, ban ga likkafani ba,
Kabarinka gaba goma sha biyu, ba ni da igiya.

Na rubuta baiti uku hannuna na tafiya kamar kullum. A na huɗu na ɗaga kai, na ga masu kanwa sun bar awo sun matso. A ƙarshen kowane baiti akwai amshi, a nan take kiran sunan ɗan, kuma na lura duk sanda ta zo wurin sai ta ƙara rage murya. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗan fari ne, Malam. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce kai, ko in ce wannan. A waƙar nan na fara."

Da muka gama na ce, "Iya, saura baitin ƙarshe, inda za a sa sunanki."

Ta ce, "Me za a yi da shi? Duk ƙasar Gidigir wa bai san wadda rijiya ta cinye wa ɗa ba?"

Na bar shi haka. Da tawadar gawayi na juya mata, don ta bagaruwa ta masu hali ce, ita kuwa dabino ta kawo. Ta ƙulle takardar a gefen zane ta tafi. Gwajin da na fara yi a gutsattsarin takardu na tattara na jefa a gafaka, ba da wata niyya ba. Marubuci ba ya yar da takarda, shi ke nan.

Daminar da ta biyo baya fara ta zo. Gero ya yi kai, ana cewa saura kwana ashirin a fara yanka, sai ga ta kamar hadari. Kwana biyu ta yi. Da ta tashi, gonaki sun koma kara tsaye. Kafin tsakiyar rani mutane sun koma tonon gidan tururuwa da dakan ƙarangiya. A irin wannan shekara wa zai aika wasiƙa? Wanda ke da abin faɗa wa danginsa na kudu, ƙafarsa ta riga takarda. Sai in shimfiɗa buzu tun safe har la'asar, tawada ta bushe a kurtu ban tsoma alƙalami ba. Na sayar da littattafai biyu da na juya wa kaina, na sayar da akuya. A gida akwai mata da yara uku, ƙaramar ta fara kumburin ƙafa.

Ana cikin haka Madugu Tanko ya aiko a kira ni. Bafatake ne, mutumin Damagaram, yana da shago a nan kasuwa da raƙuma masu kai kanwa kudu su dawo da hatsi. Babban ɗansa Lawan ya tafi da ayari, ciwon ciki ya kama shi a hanya, aka binne shi a wani daji da ko ƴan ayarin ba su iya kwatanta wurin ba. Madugu ya ce, "Malam Idi, jibi sadakar arba'in. Mutane za su zo daga Damagaram. Ina son waƙar ta'aziyya a karanta a ƙofar gidana. Ba irin wadda kuke yi wa kowa ba, ku canza suna kawai." Ya nuna taikin gero da ke jingine a zaure, ya ce, "Wancan naka ne in ta yi."

Na koma na zauna. Yini guda na yi baiti shida. Na karanta wa kaina, duk irin na kullum ne: duniya ba gidan zama ba, kowane rai zai ɗanɗani mutuwa. Gaskiya ne, amma Madugu ya ji su sau ba iyaka a ta'aziyyar wasu. Washegari da hantsi ina laluben gutsuren takarda a gafaka, hannuna ya faɗa kan gwajin waƙar Iya Kubura.

Ku da kuke cewa aikin ba wuya, ku ji yadda ake satar waƙa, don ita ma sai wanda ya iya. Sunan ɗanta gaɓa biyu ne, Lawan gaɓa biyu ne, ya zauna a amshi kamar don shi aka bar wurin. Rijiya ta koma hanya, amsa-amo bai motsa ba. Gaba goma sha biyu ya koma zango goma sha biyu, igiya ta koma rakiya. Baiti bakwai na zubar gaba ɗaya, waɗanda uba ba zai faɗa ba: na goyo, na yaye, na tuwon da ta rufe masa a akushi ranar har ya yi tsami. Na sa basmala da salati a sama, don ita ba ta fara da su yadda malamai ke yi ba. Can ƙasa na ƙara baiti guda, na ce Idi ɗan Habu na Gure ya tsara ta. Wannan baitin kaɗai ne nawa, shi ne kuma mafi rauni a ciki. Kafin azahar na gama, na juya da tawadar bagaruwa a sabuwar takarda.

Ranar sadaka na karanta a ƙofar gidan. Madugu Tanko mutum ne da ba a cika ganin haƙorinsa ba, balle hawayensa. A baiti na biyar ya ja rawani ya rufe fuska. Da na gama, sai wani tsoho daga Damagaram ya ce a sake. Aka kai mini taikin gero gida a kan jaki. Na ɗiba na kai wa Malam Ari, don gidansa ma an kwana biyu ba a hura wuta ba. Yarinyar tawa ta tashi. Wannan ma in faɗa muku, kada ku ce na ɓoye abin da na samu: ta tashi, ta girma, ta yi aure, ɗanta na zaune cikinku.

Baƙin suka nemi juyi, na yi musu. Makafi masu bin kasuwanni da waƙoƙin wa'azi suka haddace ta. Kafin shekara ta zagayo ana ce mini Malam Idi mai waƙar Lawan.

Bayan kaka ta gaba, da aka sami amfani mutane suka farfaɗo, ina zaune gindin aduwa sai ga Iya Kubura. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana. A ƙafa ta zo, kwana uku. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Malam, wane ne Lawan?"

Na ce, "Iya, zauna ki sha ruwa."

Ta ce, "Na ji makaho a kasuwar Gidigir. Na tsaya ina bin sa baiti-baiti, ina cewa Allah ya yi wa Malam albarka, ya fitar da waƙar yarona duniya ta ji. Da ya zo amshi sai na ji Lawan. Na ce masa ya yi kuskure. Ya ce shi haka ya karɓa, ta Malam Idi ce, ga sunansa a ƙarshe. Mutane suka yi mini dariya. Wane ne Lawan?"

Na rage murya, na ce zan ba ta gero, zan ba ta zane.

Ta ce, "Ban zo roƙo ba. Sunanka ma ka bar shi a ƙarshen, ban damu ba. Ka mayar mini da yarona cikin waƙarsa."

Mutane sun fara taruwa. Labari ya kai shagon Madugu, ya taso. Aka ce a je zauren Malam Ari, tunda shi ne babba a sana'ar.

Malam Ari lokacin ya makance sarai. Yana zaune jingine da bango, ga Madugu a gefe, ga dattawan unguwa huɗu. Aka ce ta faɗi abin da ke tafe da ita. Ba ta yi bayani ba, waƙar ta rera, ashirin da takwas ɗin duka, har da bakwai ɗin da na zubar. Sannan ta ce, "Akwai baitin da ke cewa igiyar da ka tufka tana nan rataye, gara na cin ta. Ya bar shi a tasa, bai canza ba. Igiyar na ɗakina yanzu haka. Wace igiya ɗan mai shago ya tufka?"

Madugu ya juyo ya dube ni. Na ce, "Igiyar raƙumi." Wani dattijo ya gyaɗa kai, ya ce ai ƴan ayari na tufka.

Sai ta kwance gefen zane ta fito da takardarta ta ajiye a tsakiya. A ganinta wannan ita ce shaida. Na ɗauka na nuna wa dattawan.

Na ce, "Iya, hannun wa ne wannan?"

Ta ce, "Naka."

Na ce, "Sunanki na ciki?"

Ta ce, "Ka tambaye ni ranar, na ce maka..."

Na ce, "Tambayarki nake, sunanki na ciki?"

Ta ce, "Babu."

Daga nan na faɗi abin da na faɗa. Na ce bayan sadakar Lawan ta zo, ta ji waƙar ta burge ta, ta roƙe ni in juya mata da sunan ɗanta, na yi mata don tausayi, har na ƙara mata baiti bakwai irin na uwa. Takarda ba ta da kwanan wata. Masu kanwar da suka ji ta ranar farko, yunwa ta watsa su, ba ko ɗaya a gari. A gefe guda ga malami da gafaka, a gefe guda ga tsohuwar ƙauye da ba ta san alif ba. Madugu ya saki numfashi, ya ce, "To, ai magana ta ƙare." Shi ma ba ya so a ce kukan da ya yi gaban mutanen Damagaram na aro ne. Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah, baƙin ciki ne ya ruɗa ki. Ki yi haƙuri ki koma gida." Malam Ari bai ce kome ba.

Ta ce a ba ta ruwa. Aka kawo a ƙwarya, ana zaton ƙishi ne. Ta karɓi takardar daga hannuna, ta tsoma a ciki, ta murza da yatsu. Tawadar gawayi ce, nan take ta saki, ruwan ya yi baƙi. Ta ɗaga ƙwaryar ta shanye duka. Ta goge baki da gefen zane, ta ce, "A cikina ya kwanta wata tara. Ya koma." Ta tashi ta fita. Ban sake ganinta ba.

Da zauren ya watse Malam Ari ya ce in tsaya. Ya ce, "Idi, shekara tara kana gabana. Na san abin da hannunka ke iyawa, na san abin da bakinka ke iyawa."

Na ce, "Malam, me ya hana ka faɗa a gabansu?"

Ya ce, "Ni ma na ci geron."

Ya juya fuska ga bango, ya ce kada in sake shigo masa zaure. Ranar da la'asar na kwashe gutsattsarin gwajin na zuba a murhu, uwargida na tuƙa tuwo a kai ba ta san ko mene ne ba.

Aikin da ya fara zuwa bayan haka na wani mai shanu ne daga Bune. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ya hau doki ya zo takanas, ya ce yana son irin ta Lawan. Na yi kwana biyar a kai, na kankare takarda har ta huje, na sake wata. Na karanta masa a gindin aduwar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, wannan ɗalibinka ne ya yi?" Ya ajiye abin da ya kawo, bai ɗauki takardar ba. Na biyu ya zo, haka. Na uku ya zo, haka. Cikin shekara uku aka daina kawo mini waƙa. Wasu suka ce an yi mini asiri, wasu suka ce rijiyar ta ƙafe. Ba rijiyar da ta ƙafe, tun farko ba tawa ba ce.

Wasiƙu ma suka ragu. Matan gari ba su taɓa yarda da abin da aka yanke a zauren ba. Ba wadda ta faɗa mini a ido, sai dai na ga masu zuwa da gaisuwar iyaye sun koma wajen wani. Mace ta san wanda ke rufe tuwo a akushi. Abin da ya rage na takardun kai ƙara biro, wato ofishin Nasara, tafinta da ƴan lakol masu karatun boko suka kwashe, don kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ba ya karanta ajami. Na koma juyi kaɗai.

Wajen shekara shida bayan zuwan fara, wani bafatake ya kawo mini takarda mai kyau, an yi mata ado da jar tawada. Ya ce waƙar wani babban malami ce na Damagaram, yana so in juya masa biyu. Na buɗe. Ka tafi nemo wa gida abinci, ƙasa ta riƙe ka a kan hanya. An cire Lawan an sa wani suna, an kankare baitina na ƙarshe an sa na wancan malami. Aikin ya yi tsabta, ya fi nawa. Na riƙe takardar ina dubawa. Wa zan kai wa ƙara, in ce an sace mini me? Na fiƙe alƙalami na juya masa biyun. Na sa sunan malamin inda doka ta ce, na sa nawa can ƙasa, Idi ne ya juya.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, na tsaya a ƙofar shagon Madugu inda dattawa ke zama. Lokacin Malam Ari ya riga ya rasu, Madugu ya koma Damagaram da zama. Na ce ina da magana. Na faɗa musu duka, tun daga ƙwaryar dabino har ƙwaryar ruwa. Na ce waƙar ta Kubura ce ta ƙasar Gidigir, ƙarya na yi mata a zaure. Suka dubi juna. Wani ya ce, "Malam Idi, waƙar nan ai an gano ta malamin Damagaram ce, ga ta a rubuce da sunansa. Kai da ka ɗauko ta ka sa sunanka, asiri ya tonu, yanzu kuma kana so ka ba wata tsohuwa?" Aka yi dariya kaɗan, aka koma maganar farashin kanwa. Ranar da na tashi mayar da ita, ba ta hannuna.

Na ari jaki na nufi Gidigir. Niyyata in same ta, ta sake rera mini, in rubuta yadda take da tawadar bagaruwa, ko da juyi ɗaya ne. Ƙauyen nasu na iske shi kango. Tunda rijiyar ta rufta ba a sake haƙa wata ba, mutane suka gaji da ɗaukar ruwa daga nesa, suka watse. A cikin Gidigir aka nuna mini wani tsoho da ya san su. Ya ce Kubura ta rasu bara waccan a gidan wata ƴar ƙanwarta, ita ma ƴar ta bi miji kudu. Ya ce, "Tun da ta dawo daga Gure ba a sake jin ta yi waƙa ba. Ko niƙa take yi, shiru."

Na ce, "Baba, ɗan nata fa, wanda rijiya ta rufe, yaya sunansa?"

Ya yi tunani, ya ce, "Mu Mai Rijiya muke ce masa."

Na buɗe baki in tuna masa, sai na ji babu. Sau ashirin da takwas na rubuta sunan nan a gwaji, sau ashirin da takwas na juya shi. Amma na yi shekaru ina karanta Lawan a wurin, a sadaka, a kasuwa, a juyi bayan juyi, har ya shafe na ƙarƙashinsa. Na bi gida-gida a Gidigir kwana huɗu. Kowa ya tuna rijiyar, wasu sun tuna tsohuwar. Sunan kuwa, uwarsa ba ta kira shi yana raye ba, balle maƙwabta su riƙe.

Da na dawo na zauna na maido da waƙar. Baitocin duk suna kaina, har bakwai ɗin. Hanya ta koma rijiya, rakiya ta koma igiya, na cire basmalar da na ƙara, na cire baitina. A sama na rubuta Kubura ta ƙasar Gidigir. Ga ta nan a gafaka, wanda ya iya ajami a cikinku ya duba. Za ku ga a ƙarshen kowane baiti akwai gurbi fari. Na gwada Musa, na gwada Isa, na gwada Bukar, na gwada Ali. Duk wanda na sa, ma'auni ya karɓa, ba ya ƙin ko ɗaya, shi ya sa ban sa ko ɗaya ba.

Kwanan baya ɗayanku ya ce me zai hana a je Gidigir a tambayi tsofaffi. Na yi shekara talatin ina tambayarsu, duk ranar kasuwa, duk wanda ya zo daga wajen. Ɗaya bayan ɗaya aka daina ganinsu. Cikin waɗanda suka ji sunan nan daga bakinta, ni kaɗai na rage.